Daga Kongo Zuwa Kufena: Abin Da Littafin Taswira Ya Tsallake

Tazarar da ke tsakanin Kongo da Ƙofar Doka ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma malamin labarin ƙasa da ya taka ta yana duban ƙasa zai samu abin koyarwa na zango guda. Ga marmara ta leƙo a gefen hanya, ga laka a kwari, ga jar ƙasar da aka tayar da ganuwar Zazzau da ita. Da ka shiga birni sai kududdufai, wato ramukan da magabata suka haƙi ƙasar gini. Da irin ƙasar nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu.

Duk wannan babu shi a littafin taswirar da 'ya'yanmu ke ɗauka zuwa sakandare. Na buɗe shafin duwatsun Nijeriya, na tarar Zariya da kewayenta an shafe su da launi ɗaya. Ban ga laifin masu zanen ba. In za a cusa Nijeriya a shafi guda, santimita ɗaya zai wakilci kimanin kilomita 50, sai Dutsen Kufena, wanda ya haura shekara miliyan 500 da samuwa, ya kasa kai ɗigon alƙalami. Madarkaci da ke cikin birni kuwa ba a maganarsa.

Damuwata ita ce yaron da bai taɓa ganin dutsen garinsu a littafi ba zai tashi yana yi masa kallon tsakuwar da ba a fasa ba tukuna. Haka zai kalli yashin Kubanni da Galma, haka zai kalli ganuwar da ake yaga ana yin bulo, da kududdufin da ake cikewa da shara a yi gini, ruwan damina ya rasa masauki ya faɗa gidajen mutane. Itace in an sare ana dasa wani. Dutsen da aka fasa ya tafi ke nan.

Ba cewa nake a jefar da littafin ba. Shi ke nuna wa ɗalibi cewa Kufena ɗan dangi ne a cikin tsofaffin duwatsun da suka shimfiɗu a Arewa. Amma malami ya fara da shafin, ya ƙare a gindin dutsen, ɗalibai su zana taswirar unguwarsu da sunayen da manomi ya sani: jigawa, fadama, faƙo, marmara. Tun 1970 Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da littafi kan Zariya da yankinta, Mortimore ne ya tsara shi, yana nan yana jiran mai sauƙaƙa shi don yara.

Hukumar UNESCO ta keɓe 6 ga Oktoba don tunawa da arzikin duwatsu da ƙasa. Makarantar horon malamai ta tarayya na maƙwabtaka da Kongo. Motar haya biyu ta isa ta kai aji guda Kufena ran nan, su dawo kafin azahar.