Yini guda a birnin kakanni

Shekara goma wani malamin lakwal na Sarkin Yamma yana zuwa Katsina sayayya, bai san komai nata ba sai kasuwa. Ran nan ɗansa ya tambaye shi: "Baba, don me ake ce wa sarkinmu na Maraɗi Sarkin Katsina?" Amsa ta gagara.

Da hutu ya zo, suka bi ta Ɗan Isa da Jibiya, suka kafa tanti a bayan gari. Da hantsi suka shiga ta Ƙofar Guga. Suka tsaya gindin hasumiyar Gobarau, suka ziyarci kushewar Wali Ɗan Marna. Nan wani dattijo ya ba su labarin 1807, sa'ad da mayaƙan jihadi suka ci birnin, sarakunan Haɓe suka yi arewa da sarautarsu, daga baya suka zauna Maraɗi.

Da magariba, a bakin tanti, yaron ya ce: "Ashe gida muka zo." Uban ya shafa takardun ƙetare iyaka da ke aljihunsa, ya yi shiru.