Fitilar Da Na Gani A Wani Gida A Birnin Atina

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, yau zan kai ku ƙasar Girka. Ku ɗauko taswira ku dubi kudancin Turai, can inda ƙasa ta yi yatsu cikin Bahar Rum, tsallaken Masar. To, nan babban birninsu ya ke, Atina.

Duk baƙon da ya sauka, sai a ce masa ya hau dutsen Akuropolis. Na hau, na sauko da ciwon gwiwa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana ƙasa, a wani fili cikin gari, watau kangon ɗakin bautar Ziyus, babban abin bautar Girkawan dā. An ɗora harsashinsa fiye da shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, aka yi ta farawa ana bari, sai Hadiriyan, Sarkin Rum, ya ƙarasa shi wajen shekara ta 131. A dā ginshiƙansa 104 ne. Yanzu 15 su ka rage a tsaye, kowanne ya fi ƙafa 50 tsawo. Guda kuwa iska ta kayar da shi a 1852, yana nan kwance gunduwa gunduwa kamar an yanka rake.

Ni dai a zatona wannan addini ya mutu tun da Sarki Tiyodosiyus ya hana shi a 392. Ashe da sauran masu yi! A watan Janairu na 2007 waɗansu maza da mata su ka zo filin nan sanye da fararen tufafi irin na kakanninsu, su ka yi addu'o'insu, su ka saki kurciyoyi. Hukuma ba ta so ba. Ta ce wurin kayan tarihi ne, na kallo. Su kuwa su ka ce ɗakin ibadarsu ne. Kun ji tushen gardamar. Akwai wata majalisarsu da aka kafa a 1997, ita ta yi ta kai da kawowa har Gwamnatin Girka ta amince da addininsu a 2017. Kafin nan ba su da ikon buɗe ɗakin ibada da sunansu, balle ɗaurin aure.

Kada ku ɗauka suna da yawa. Kusan dukan Girkawa Kirista ne, 'yan cocin Otodoks, waɗannan kuwa 'yan tsiraru ne ƙwarai. Ba su kuma son a ce musu arna. Sun ce su mabiya addinin kakanni ne.

Matar da na kama ɗaki a gidanta tana cikinsu, ban kuwa sani ba sai ran kwana na uku. Na fito da asuba neman ruwan zafi, sai na tarad da ita a madafa ta wanke hannu, ta kunna wata 'yar fitila ta man zaitun a kan kanta, tana magana a hankali. Na ja da baya. Da ta gama ta ce, "Shigo mana, baƙuwata, ai ba asiri ba ne."

Ta ce fitilar ta Hestiya ce, wadda Girkawan dā su ka ɗauka ita ce mai tsaron murhu da zaman gida. A al'adarsu, in za a yi baiko, da ita a ke farawa, da ita a ke rufewa. Na tambaye ta ko suna yanka. Ta yi dariya, ta ce su na yanzu sai zuma, da madara, da mai, da ruwan inabi, da turaren wuta. Ran da wata ya tsaya ta kan share gida fes, ta sabunta kayan kantar. Na ce a raina, shara dai ko'ina ta mace ce.

Ta gaya mini kuma Rumawa suna da tasu, sunanta Besta, har su ka keɓe 'yan mata shida masu tsaron wutarta, kowace shekara 30, kada ta mutu dare da rana. Yau ma akwai masu raya wannan a Italiya, kamar yadda a Amurka a ke samun masu bin addinin Masarawan dā, na su Isis. Amma wannan a bakinta na ji shi a gurguje, ruwa na tafasa.

Abin da ya ke damunta shi ne surukarta. Tsohuwar ba ta fashin coci, ita ce kuma ta tsaya aka yi wa jikarta baftisma. Ran da za ta zo gidan, sai matar nan ta kwashe kayan kanta ta sa a akwati, ta bar fitilar kaɗai, domin Kiristan Girka ma suna kunna fitilar mai a gida, tsohuwa ba za ta gane ba. Shekara tara ke nan suna haka. Yarinyar kuwa ta fara wayo, tana tambaya don me a ke ɓoye kayan in kaka za ta zo.

Ni addinina daban, na kuwa gaya mata haka, ba ta ji haushi ba. Amma na ce mata wannan ɓoyo ba mai ɗorewa ba ne, gara tsohuwa ta ji daga bakinta da ta ji daga bakin yarinya. Ta yi shiru, ta ƙara wa fitila mai. Ta ce, "Bari Ista ta wuce tukuna."

Na bar Atina saura mako biyu Ista.