Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu: Kwana Goma a Guangzhou

Daren da muka sauka Guangzhou na shiga wani ɗan kanti a unguwar Xiaobei don in sayi ruwan sha. Na zaro jar takardar yuwan ɗari, sabuwa fil, na miƙa. Mai kantin ta dubi takardar, ta dube ni, ta jawo aljihun tebur ta tarar ba komai sai rasiɗai, sai ta fita neman canji wurin maƙwabta. Kafin ta dawo mutum biyar sun shigo. Kowa ya ɗauki abin da ya zo nema, ya haska wayarsa a kan wani ɗan zane mai kusurwa huɗu kamar hatimi, wayar ta yi ƙara, ya fice abinsa. Ni kaɗai ne mai kuɗi a hannu, ni kaɗai ne kuma na tsaya jira.

Rakiya na yi. Yayana ɗan Kantin Kwari ne, ya fi shekara goma yana zuwa wannan birni da 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu, kuma a watan Oktoban 2024 ya ce in bi shi in ga inda kayan da muke sawa suke fitowa. Lokacin baje kolin Canton ne, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, yanzu a manyan rumfunan Pazhou da ke gefen kogi. Birnin yana da mutum sama da miliyan goma sha takwas. Xiaobei da Sanyuanli su ne zangon baƙin Afirka: nan za ka ji Hausa da Igbo da Bambara a layi ɗaya, ka ci taliyar Musulmin Sin da naman sa, ranar Juma'a kuma ka bi ayari zuwa masallaci.

Washegari tafintanmu, wani saurayi ɗan ƙasar da bai kai shekara talatin ba, ya haɗa mini katin bankina da manhajar biyan kuɗi ta Alipay. Ita da WeChat Pay su ne aljihun kowa a nan, daga mai sayar da gasasshen dankali zuwa mai babban kanti. Dokar ƙasar ta hana ƙin karɓar tsabar kuɗi, amma ba dokar da za ta sa mai kanti ya ajiye canjin da ba wanda ke tambaya. Na tuna wahalar da muka sha a farkon 2023, lokacin canjin naira, aka tura mu turin dole zuwa tiransifa alhali sabis ɗin ba ya ɗauka. A nan ba a tura kowa ba, sauƙi ne ya jawo su. Sai dai sauƙin ya zo da shaida: kowane kofin shayi da ka saya yana rubuce a wani wuri, da lokacinsa da inda ka tsaya.

A Pazhou na ga yadda Yaya ke ciniki ba tare da harshe ba. Kalkuleta ce ke magana. 'Yar kamfani ta danna farashi ta juyo masa, ya girgiza kai ya danna nasa, ta dafe ƙirji ta ce "laoban", wato maigida, kamar ya soke ta. A kan wani yadin leshi suka yi kusan rabin sa'a. Da ta sallama, sai ta faɗa wa tafinta wata magana tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce cewa ta yi ribar da ta rage mata a kan yadi ɗaya ba za ta sayi kwalbar ruwa ba, amma in ta ƙi, rumfar da ke kusa za ta karɓa.

Na ɗauka salon 'yan kasuwa ne, irin rantsuwar da ake yi a kowace kasuwa. Tafinta ya ce a'a, wannan karon gaskiya ta faɗa. Daga ƙarshen 2022 har zuwa lokacin, farashin kaya a bakin masana'anta sauka yake yi a ƙasar. Masana'antu sun yi yawa, mutanen gida sun ƙulle aljihu tun da kasuwar gidaje ta karye, kowa kuma na zaftare farashi don ya riƙe mai saye. Suna da kalma ga wannan hali, "neijuan". Ya yi ta ƙoƙarin fassara mini ita, har na gane da kaina: kamar 'yan kallon dambe ne, na gaba ya miƙe don ya fi kowa gani, na baya ma ya miƙe, a ƙarshe kowa na tsaye, ba wanda ya ƙara ganin komai, sai ciwon ƙafa. Abin ya kai har shugabannin jam'iyya mai mulki sun yi gargaɗi a kansa a watan Yulin 2024.

Da dare na ce wa Yaya, "Yaya, ka matse matar nan da yawa." Bai ce komai ba, ya miƙo mini waya ya nuna mini farashin dala. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Kafin a kai tsakiyar 2024 ta haura 1,500. Ya ce, "Ƙanena, ko ta rage mini kashi goma, kayan nan in sun sauka Kano kuɗinsu ya ninka. Ga kuɗin kwantena, ga kwastan, ga mota daga Legas. Wadda za ta saya a wurina albashin mijinta bai ninka ba. In ban matse ta ba, wa zan matsa?"

Wannan tambaya ce ta kai ni Kangle. Wata tsohuwar unguwa ce a gundumar Haizhu, manne da babbar kasuwar yadi ta Zhongda. Benayen sun matsu har maƙwabta na iya musafaha ta taga, rana ba ta sauka ƙasa sosai, kuma kowane hawa ɗakin ɗinki ne. Da safe na ga abin da ban taɓa gani ba: masu shago ne suka jera a bakin titi, kowa riƙe da samfurin riga ko wando da ɗan kwali mai rubutu, teloli kuma suna wucewa suna dubawa kamar masu zaɓen rago. Tela ya karɓi rigar, ya juya ta ciki waje, ya ƙirga ɗinkin, ya tambayi nawa ake biya a kan guda. In bai yi masa ba ya mayar ya yi gaba. Yawancinsu 'yan ci-rani ne daga lardin Hubei, aikin kuma jinga ce ta yini: ba takardar ɗaukar aiki, ba hutun ciwo, abin da ka ɗinka shi za ka karɓa in an tashi.

Da farko abin ya burge ni, na ce ga ƙasar da ma'aikaci ke zaɓar ubangida. Wani mai shago ya kai mu ciki, sai na ga sauran labarin. Kekunan ɗinki kamar goma sha biyar ne a ɗaki ɗaya, fanka na kaɗa zafi, kwanonin abinci a gefen zare. An sayo yadin da safe, an yanka da rana, dole kayan su fita kafin gari ya waye, domin mai sayarwa ta intanet ya riga ya karɓi kuɗin masu saye. Ba kowa a ɗakin da ya yi kama da ɗan shekara ashirin. Furfura ce da tabarau. Mai shagon ya ce yaran yanzu sun gwammace su hau babur su kai abinci da su zauna kan keke sa'a goma sha huɗu, ɗansa ma ya ƙi. A lokacin hirar gari ita ce dokar da aka zartar a watan Satumban 2024, wadda za ta ɗaga shekarun ritaya sannu a hankali daga 2025, na maza daga 60 zuwa 63. Ƙasar ta fara tsufa. A 2022 yawan jama'arta ya ragu, karo na farko cikin shekara sittin.

Na tambayi tafinta me ya sa shi, mai digiri, yake bin baƙi kasuwa. Ya ce ya taɓa aikin ofis a wani kamfanin sayar da kaya ta intanet. Tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako, abin da suke kira 996. Sa'a 72 ke nan, alhali dokar ƙwadago ta ce sa'a takwas a yini, ƙarin lokaci kuma kada ya wuce sa'a 36 a wata. A watan Agustan 2021 kotun ƙolin ƙasar da ma'aikatar ƙwadago sun fito fili sun ce tsarin ya saɓa doka. Ya yi murmushi ya ce ba wanda ke ce maka ka zauna. Kawai dai maigida bai tashi ba, na kusa da kai bai tashi ba, kuma ko ka koma gida saƙon aiki na biyo ka ta WeChat har kan gado. Ka kuma san akwai masu jiran kujerarka: a watan Yunin 2023 rashin aikin yi tsakanin matasan birane ya kai kashi 21.3 cikin ɗari, har hukuma ta dakatar da fitar da alƙaluman na ɗan lokaci. Wasu tsaransa sun zaɓi abin da suke kira "tang ping", wato a miƙe a kwanta, a daina tseren gaba ɗaya. Shi dai ya ce bai kwanta ba, ya rage gudu ne.

Mai saye kuwa sarki ne, kuma sarautar ba ta baka ba ce. Tun 2014 doka ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet damar mayar da shi cikin kwana bakwai ba tare da ya faɗi dalili ba. Kowace ranar 15 ga Maris gidan talabijin na ƙasa yana tona asirin kamfanonin da ke cutar jama'a, manyan 'yan kasuwa na kallo gabansu na faɗuwa. Ni da na taso inda ake rubuta "in ka saya ba mayarwa" a jikin rasit, wannan ya ba ni sha'awa ƙwarai, kuma har yanzu ina ganin abin koyi ne. Amma kayan da aka mayar ba ya ɓacewa, kan wani yake faɗawa. Watanni uku kafin zuwanmu, ɗaruruwan ƙananan 'yan kasuwa sun yi cincirindo a ofishin kamfanin sayar da kaya ta intanet na Temu da ke Guangzhou suna kukan tarar da ake ɗora musu in mai saye ya yi ƙorafi.

Daren da za mu taso aka yi ruwa, muka kasa fita, tafinta ya yi mana odar abinci ta waya. A fuskar wayar muna kallon ɗan babur yana matsowa a kan taswira, ga agogo yana ƙirga mintunan da suka rage masa. Irinsu sun cika titi, riguna rawaya da shuɗi a kan babura masu batir; kamfanin Meituan kaɗai ya ce mutum miliyan bakwai da dubu ɗari huɗu da hamsin ne suka yi masa wannan aiki a 2023. A lokacin manhaja ce ke raba musu aiki, ita ke yanke lokaci, ita ke rage lada in an makara. Namu ya makara da minti shida. Ya iso a jiƙe sharkaf, hular kwano na ɗiga, gwiwar wandonsa a yage, yana ta sunkuyar da kai yana ba da haƙuri tun kafin a ce masa komai. Abincin da zafinsa. Kafin in ce ya shigo ya sha ruwa har ya kai ƙarshen baranda da gudu, wata odar na kira.

Tafinta ya juyo mini wayar, taurari biyar a jere, ya ce nawa zan ba shi. Na ce a ba shi duka. Ya danna, sannan ya ce yaron nan in ya tashi aiki shi ma a waya zai sayi riga mafi araha, in ta makara ya yi ƙorafi, telan Kangle ya kwana a kan keke dominsa. Telan kuma in yunwa ta kama shi tsakar dare, wannan yaron zai kira. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. A Guangzhou kowa na cin zomo, kowa kuma na gudu, sai dai gudun da kake yi na zomon wani ne.

Bayan wata biyu kwantenar ta iso Kano. Ina shagon Yaya wata hajiya ta ɗaga leshin nan ta duba shi a haske, ta ce, "Haba Alhaji, kayan Chana ne fa, rage mini." Yaya ya ce albarka. Ta ajiye ta nufi shagon gaba, ya kira ta ya sallama. Bayan ta tafi ya jawo kalkuleta ya danna wani abu, ya daɗe yana kallo. Na san lambar da zai juya wa matar Pazhou a baje kolin watan Afrilu ke nan.