Ruwan Kajina a Lokacin Hunturu

Malaminmu na kimiyya ya taɓa gaya mana cewa a ƙasashe irin su Ingila da Kanada, ruwan da ake zuba wa kaji yakan zama ƙanƙara cikin dare, domin ruwa yana daskarewa idan sanyi ya kai sifili a ma'aunin zafi. Mu a Lakwaya sanyinmu bai kai nan ba. Man ja ne yake daskarewa a kwalba, ba ruwa ba. Duk da haka ruwan hunturu ya yi mini ɓarna bara.

Kakata ce ta ba ni kaza ɗaya, ta ce in kiwata in riƙa sayen littafi da biro. A watan Disamba ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara. Da yake ina ƙyuyar fitowa da sassafe, sai na cika babban kasko da ruwa tun magariba na ajiye a akurki. Da gari ya waye na tarar uku sun faɗa ciki, sun jiƙe sharkaf. Inna ta naɗe su a tsumma kusa da murhu. Ɗaya ya farfaɗo, biyu suka mutu. Ranar da kuka na tafi makaranta.

Da na dawo Inna ta ce, "Ba sanyi kaɗai ya kashe su ba, har da son jikinki. Ɗan tsako ba shi da gashin da zai riƙe masa ɗumi, in ya jiƙe shi ke nan."

Tun daga ranar ruwa bai ƙara kwana a akurkina ba. Da asuba idan Inna ta ɗumama ruwan alwala, sai in ɗebi kaɗan in sirka, in gwada da yatsa. Nakan zuba shi a murfin roba marar zurfi, in jera tsakuwa a ciki don kada ɗan tsako ya nutse. Kafin a tashe mu daga makaranta ƙura ta rufe ruwan, sai in wanke murfin in zuba sabo. Baba kuma ya kare mini gefen akurkin da iska ke kaɗowa da tsohon buhu.

Sauran bakwai ɗin duk sun girma. Baba ya kai mini zakaru biyu kasuwar Gwarzo, da kuɗinsu aka sayi takalmin da nake zuwa makaranta da shi yanzu.

Ga hunturu ya sake shigowa. 'Yan uwana ɗalibai, duk mai 'yan tsaki a gida ya leƙa akurki yau kafin magariba, ya zubar da ruwan da ke ciki.