Wa Zai Duba Aikinmu?

A sana'armu ta rubuta manhaja akwai ƙa'ida: ba ka sakin aikinka sai wani ya duba maka. A wurin aiki muna bin ta sau da ƙafa, amma a gida muka manta da ita. Shekara biyu muna koyar da 'yarmu da kanmu. Mu ne malamai, mu ne masu jarrabawa, mu ne masu yabon sakamako.

Da wani aiki ya taso mana a Jamus, sai muka bincika dokokin karatun gida. A can doka ta hana shi, dole yaro ya je makaranta, iyayen da suka ƙi a ci su tara. A Faransa, tun 2022 sai an nemi izini tukuna, kuma sufeton ilimi yana gwada yaron duk shekara. A Amurka kowace jiha da nata tsarin: a Teksas ba sai ka sanar da hukuma ba, a New York kuwa sai ka miƙa tsarin karatu da rahoto sau huɗu a shekara.

Da farko abin ya yi mana zafi. 'Yarmu ce, ina ruwan gwamnati? Duk da haka muka roƙi wata tsohuwar malamar firamare ta zauna da ita awa guda. A lissafi ta fi sa'o'inta. A rubutu kuwa tana baya ƙwarai, kuma ba mu taɓa lura ba, domin mu lissafi muke so.

Ba mu tafi Jamus ba, kuma har yanzu muna ganin haninsu ya yi tsauri. Amma duk ƙarshen zango malama tana zuwa, mu kuma mu fita tsakar gida mu jira.