Ayabar Tsakar Gidanmu

Ranar da na shigo da ɗan ayaba a bokiti, Hajiya surukata ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ayaba a Maiduguri? Nan fa garin bishiyar maina ne." Na yi dariya na wuce da shi falo, wai ado.

Sati uku bai cika ba ganyen ya fara rawaya. Ashe ayaba ba ta zaman ɗaki, rana take so da ruwa da taki. Sai Malam ya yanka mini tsohon duro, ya huda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Na cika shi da ƙasa da kashin awaki, na ajiye a lungun tsakar gida inda katanga ke tare iska, domin hunturu yaga ganyenta yake kamar tsumma.

Ruwa ne matsalar. Kun dai san zafin Afrilu a garin nan, da kuɗin da 'yan ga-ruwa ke karɓa. Na kafa doka: duk mai alwala ya yi a roba, a juye mata. Ruwan wankin shinkafa ma nata ne, banda na sabulu. Hajiya da ke mini tsiya ita ta fi kowa kiyaye dokar.

Bayan shekara guda da 'yan watanni ta yi nono ɗaya, 'ya'yan ƙanana. Ranar na san ayaba sau ɗaya take haihuwa. Sai a sare uwar, ɗan da ya tsiro a gindinta ya gaje ta.

Hajiya ta rasu kafin ambaliyar Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta fashe. Ruwa ya kore mu daga gida. Da muka dawo, katifu da buhunan hatsi duk sun lalace, ayabar ta kwanta cikin laka. Na sare ta na bar duron, ban da ƙarfin jan sa waje.

Wata safiya autana ya ƙwala kira, "Umma, zo ki ga ayabar Hajiya!" Wani ɗan kore ne ya leƙo. Tun dawowarmu ban yi kuka ba sai ranar.

Yanzu 'ya'ya uku ne a gindinta, duron ya yi musu kaɗan. Duk maƙwabciyar da ke so ta aiko yaro da bokiti.