Bahon Baba

Asabar

Jiya aka gama auna shanshera, kuɗi sun shigo hannu, yau na tashi cika alkawarin da na ɗauka tun da damina: gyaran banɗakin Baba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo ta Ruwan Kanya ya shigo kanal ɗin Kura da Bunkure, Baba ke tsugune a laka yana dashen shinkafa. Gwiwoyinsa ne ke biyan bashin yanzu. In sanyin hunturu ya sauko, sai ya dafa bango kafin ya miƙe sallar asuba. Niyyata in saka masa baho irin na otal, ya kwanta ruwan ɗumi ya gasa masa jiki, ga shawa a sama. Birkila ya fasa tsohon daɓen ya auna: tsawo mita 2, faɗi mita 1 da rabi.

Lahadi

Na ce, "Baba, baho zan saka muku." Ya nuna robar da Inna ke wanki a ciki, ya ce, "Ai ga shi nan, ko ya fashe ne?"

Litinin

Na bi titin Zariya na shiga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa. Iri uku na gani, kuma kusan duk awonsu ɗaya, santimita 170 a tsawo, 70 a faɗi. Na farko na roba ne, wanda masu shago ke kira fayiba. Ni kaɗai na ɗaga gefensa da hannu ɗaya. Ba ya sanyi a jiki, kuma yana riƙe ɗumin ruwa, amma da na danna tsakiyarsa da tafin hannu sai na ji ya ɗan lotsa. Mai shagon ya ce dole a yi masa gadon siminti a ƙasa, kuma kada soson ƙarfe ya taɓa shi. Na tuna yaran gidanmu, waɗanda komai da toka da soson ƙarfe suke wanke shi.

Na biyu falen ƙarfe ne da aka lulluɓe da farin fenti irin na langa. Halinsa ma na langa ne: in bokitin ƙarfe ya buge shi fentin ya ɓantare, tsatsa ta samu ƙofa. Na ɗora hannu na ji shi kamar randa da asuba.

Na uku ne ya tafi da hankalina, tsohon zubin ƙarfe da aka ciro daga wani gidan da aka rushe. Ya haura kilo 100, sai ƙarti huɗu suka juya mini shi. Irin wannan jika ma zai gada. Na daɗe ina shafa shi kamar mai tayin sa, amma ban biya ba, na ce sai na kwana da maganar.

Talata

Maiɗakina ce ta fara yi mini lissafi. "Baban Hafsa, jarka nawa yake ci?" Na ɗauki biro. Lita 150 kafin ruwa ya rufe mutum, wato jarka 6 masu lita 25, rabin kurar mai garuwa ke nan a wanka ɗaya. Tankinmu lita 1,000 ne, kuma sai an kawo wuta yake cika. Hitar da na taya lita 30 take ɗauka, sauran sai dai Inna ta dafa da itace. Baba kuwa bokiti ɗaya yake wanka da shi, har ya rage na wanke ƙafa.

Abin dariya, daga ƙofar gida ina jin gudun ruwan kanal dare da rana. Amma wannan na gona ne. Mu da muka yi ninƙaya a ciki muna yara mun san tsargiya, mun san fitsarin jini.

Laraba

Fulamba ya zo, bai ko dubi hoton bahon da na nuna masa a waya ba, ya wuce bayan gida ya ɗaga murfin sokawe. Ga ruwa nan kwance, ƙiris ya rage ya kai baki, alhali rabonmu da ruwan sama tun watan 10. Haka ƙasar nan take, shekara da shekaru tana shan ruwan noman rani har ta ƙoshi. Ya ce, "Malam, ka juye mata jarka shida lokaci guda, ta ƙofar ɗakinka za ta amayo maka."

Alhamis

Birkila ya jera bulo biyu da rabi a tsakar gida, daidai tsayin bakin baho, ya ce Baba ya gwada tsallakawa. Baba ya tattare riga, ya ɗaga ƙafar dama, ta tsaya a rabi. Ya kama kafaɗata, yatsunsa na rawa, ya sauke. A busasshiyar ƙasa ke nan, babu sabulu, babu santsi. Inna ta juya ta shige madafa.

Da ya zauna ya ce, "Kai yaro, ruwan da na jiƙa a ciki, kumfa da dauɗa suka canza shi, da shi zan yi wankan Juma'a?" Ban yi tunanin wannan ba ko sau ɗaya.

Juma'a

Na buga wa mai shago na ce ya sayar da ƙarfensa. Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Bayan masallaci muka zana wani tsari da gawayi a ƙasa: kwarmi mai bango bulo ɗaya, da dakalin zama a ciki, tayil mai kaushi a ƙasa, ƙarfen dafawa a bango, shawa mai igiya daidai hannun mazauni. In an toshe magudanar, jarka 2 ta rufe idon sawu, sauran sai tsumma da ruwan zafi a gwiwa. Ruwan wankan zai bi nasa bututun zuwa gindin ayaba, ba sokawe ba.

Laraba ta sama

Siminti ya kama, Baba ya shiga. Ya daɗe, har Inna ta fara leƙe. Da ya fito na ce, "Baba, ya kuka ji shawar?" Ya ce tana cika bokiti da sauri. Dakalin dai, in ji shi, ya yi tsayi da yatsa uku. Birkila ya ce sai jibi, gobe zai kai tumatirinsa Kwanar Gafan.